Sansar Tankin Motar Alhaji Bawa

Ku ɗan ajiye wayoyin nan tukuna, tunda kun ce kanikanci ya zama wasa. Wai yanzu sai a soka kwamfuta ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi abin da ke damun mota, a canza shi, a wanke hannu a tafi gida. To madalla. Kwamfuta tana faɗin sunan abu, amma ba ta kama hannunka ta kai ka inda yake. Ni Sahabi na haura shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motoci a garin Bagudo, kuma abin da ya fi rikita min kwanya duk tsawon aikina bai kai girman kwalin ashana ba.

A Kamba na koyi aiki. Shekarata ta farko maigidana bai bari na taɓa inji ba, noti kawai nake wankewa da kananzir ina jerawa a faranti. Kayan aikinmu duka akwati ɗaya ne na ƙarfe: sifana goma, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai, filaya, guduma, da wata sukundireba mai tsawo da muke ɗora wa inji mu kanga kunne mu ji inda yake ciwo. Idan kaburata ta toshe, baki muke sa wa mu hura. Fetur ɗin da na haɗiye a rayuwata ya isa ya kai babur Birnin Kebbi. Mota ta lokacin ba ta ɓoye maka komai, mai ne da wuta da iska, idan biyu suna nan to na ukun ne ya gudu. Daga baya motocin Kwatano sunka fara shigowa ta Segbana da Tsamiya, cike da wayoyi kamar saƙar gizo, kowace waya da ɗan abin da take kai wa rahoto.

Wata Laraba da hantsi, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci, masinjan kotu ya shigo garejina a gaban wata farar a-kori-kura. Irin manyan nan ne na Amurka, masu tayoyi huɗu a baya, waɗanda ke kwashe buhun shinkafa daga Ka'oje kamar ba su ɗauki komai ba. Mai ita Alhaji Bawa ne, ɗan kasuwar shinkafa, wata uku da sayenta. Direbanta Garba na biye da su a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

Masinja ya yi min bayani. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban direba ta ƙi mutuwa. Alhaji ya kai motar Birnin Kebbi wajen wani mai kwamfuta, shi kuma ya ce akwai wata sansa ta tankin mai, wato 'yar na'urar da ke kai wa kwamfutar mota rahoto, da ba ta amsawa sam, da alama an cire ta. Dama Alhaji na ƙorafin gejin mai ba ya faɗin gaskiya, yau ya nuna rabi, gobe ya nuna ƙasa. Sai ya haɗa biyun ya ce Garba ne ya cire sansa ya sayar, don ya riƙa zuƙe mai ba a gane ba. Ya kai ƙara. Alƙali ya ce shi bai san sansa ba, a kai wa bakanike ya duba, ya zo ran Litinin ya faɗi abin da ya gani.

Ku da kunka taso yanzu ba za ku gane nauyin kalmar sata a shekarun nan ba. Ni dai ban taɓa ganin an yanke hannun kowa ba, amma ko ba a taɓa jikinka ba, direban da kotu ta kira ɓarawo ya gama riƙe makullin kowa daga nan har Kamba. Garba kuwa tuƙi kawai ya iya.

Na ce, "Alhaji, ita sansar ina take zama?"

Ya ce, "Ni za ka tambaya? In na sani mi ya kawo ni wurinka?"

Ya miƙo min takardar da mai kwamfuta ya rubuta da Turanci. Na kai wa wani malamin firamare da ke maƙwabtaka da mu, ya karanta ya sake karantawa, ya ce abin yana auna ƙarfin iskar da ke cikin tankin mai ne. Na ce iska? Ya ce iska. Na ce Malam ka duba da kyau, tanki mai ake zuba masa, taya ake sa wa iska. Ya ce shi abin da ke rubuce ya faɗa min, sauran kuma aikina ne.

Na buɗe bonet na bi tiyon mai tun daga inji. Na sami wani abu mai soket a kan bututun da ke raba mai, na yi murna, na ce ga ta nan, ba a sace komai ba. Na buga wa mai kwamfuta waya. Lokacin sai ka hau tudu kake samun sabis, maganarsa na zuwa tana yankewa. Ya ce ba ita ba ce, waccan mai take aunawa, tasa ta iska ce. Na ce to ina take? Na ji "saman..." sai layi ya mutu. Saman me? Saman inji, saman taya, saman bodi? Na sake kira har katina ya ƙare.

Na shiga ƙarƙashin mota na bi sasi da hannu taku-taku. Kusa da tayar baya na tarar da wani baƙin akwati na roba da tiyo biyu a jikinsa. Na kwance shi na girgiza, na ji abu na motsi ciki. Na leƙa, wallahi gawayi ne. Gawayi a cikin mota! Na zauna a ƙasa riƙe da shi ina tunanin ko wani ne ya yi wa Alhaji asiri. Sai da wani tsohon direban tirela ya ce min haka Turawa ke ƙera su, gawayin na shanye tururin fetur ne. Na mayar da shi a hankali, ban ƙara fahimtar komai ba.

Kafin la'asar gareji ya cika da masu ba da shawara. Wani ya ce a cikin murfin tanki take. Munka farfasa murfin, ba komai sai sifirin. Wani ya ce ɗan'uwansa a Kwatano ya ce manyan motoci irin wagga ba a sa musu ita ma gaba ɗaya. Wani ya ce ai a cikin tankin take iyo. Kowa ya faɗi tasa da ƙarfin zuciya, kuma ba wanda ya taɓa ganinta da idonsa. Ni da anka ce in je in gaya wa alƙali an cire ko ba a cire ba, ban san kamarta ba, ban san mazauninta ba, ban ma tabbata akwai ta a duniya ba.

Garba yana zaune kan wata tsohuwar taya tun safe. Yayansa ne ya tsaya masa anka bar shi ya riƙa kwana gida. Da na fito ina karkaɗe riga ya ce, "Malam Sahabi, an gani?"

Na ce, "Tukuna."

Ya ce, "Wallahi ban san abin ga ba. Ko a hanya na gamu da shi ba ni gane shi."

Na ce, "Mu biyu ke nan."

Ran Alhamis na yanke shawarar sauke tankin. Na zuƙe mai a jarkoki, kuma tun nan kaina ya ƙara ɗaurewa, don jarkokin da na tanada sun cika mai bai ƙare ba, sai da na aro wasu. Na tokare tankin da jak, na kwance ɗamarar ƙarfe biyu da ke riƙe da shi, na sauke shi kan katako. Tankin ƙarfe ne, dogo, an shafe shi da baƙin fenti. A samansa akwai famfon mai da soket ɗinsa, akwai bakin tiyo, shi ke nan. Babu rami, babu gurbi, babu alamar an taɓa ɗaura wani abu an cire. Na shafa shi da tafin hannu daga kai har gindi kamar mai duba dabba a kasuwa. A gefe yatsuna sunka ji tudun walda, irin tamu ta bakin hanya, ba ta kamfani ba.

Na koma ƙarƙashin motar inda tankin ya bar fili. Can cikin lungun sasi na hangi wani dunƙulen busasshen laka. Na ƙwanƙwasa shi da sifana ya fashe. Wayoyi uku ne sirara, an yanke su, an lanƙwasa bakin kowace baya, an naɗe su da tsinken robar tiyub, zagaye uku sannan a soke bakin robar ta ƙasa. Maigidana na Kamba ne ke ɗaure waya haka, kuma duk Bagudo mutum ɗaya ya koya a wurinsa. Na kankare fentin sasi da farce kusa da wurin, shuɗi ya fito ƙarƙashin fari.

Na daɗe kwance a wurin ban motsa ba.

Sai in koma da ku baya kaɗan. Shekara biyu kafin nan ruwa ya ci shinkafar Ka'oje, kogi ya haura ya kwanta kan gonaki har sai da komai ya ruɓe. Babu kaya, babu lodi, motoci sunka yi fakin. Sai in wuni a gareji ban taɓa sifana ba. Aikin da ya rage a garin ɗaya ne: masu tsallakar da fetur zuwa Benin suna son a cire musu tankin kamfani a sa musu babba, su cika shi a nan su je can su juye. Na san ba aikin da ake faɗa a fili ba ne, amma akwai baki goma sha ɗaya a gidana. Mai walda ya ƙera, ni in sauke tsohon in ɗaura sabon. Na yi wa motoci da yawa har ban iya tuna su. Cikinsu akwai wata shuɗiyar a-kori-kura ta wani mutumin Tsamiya. Na tuna na mayar da famfon mai cikin sabon tanki, sai ga wasu wayoyi uku sun yi saura, suna tafiya zuwa wani ɗan baƙin abu a saman tsohon tankin. Na tayar da mota ba tare da su ba, ta tashi lafiya lau. Na ce to ado ne, na datse su na ɗaure. Fitila ta kama a allo, mai motar ya liƙa mata baƙin salatif ya yi gaba.

Na fito na leƙa allon motar Alhaji. Ga sauran danƙon salatif nan a kan gilashin, zafin rana ne ya ɓantare shi bayan an sayar masa da ita da sabon fenti. Geji kuma dole ya yi ƙarya, an yi shi ne don tankin da bai kai wannan zurfi ba.

Garba ya taso ya ce, "An gani?"

Na ce, "Tukuna."

Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. In na faɗi gaskiya, na tsaya gaban alƙali da bakina na ce ina ɗaura wa masu fasa-ƙwauri tanki. Ban san inda maganar za ta tsaya ba, ko a kotu, ko a ofishin kwastan, ko a rufe min gareji. Na riƙa gaya wa kaina dabaru. In ce ban ga komai ba. In ce motar haka ta zo daga Kwatano. Amma ga wayoyi a yanke, duk wanda ya gan su zai ce hannu ne ya yanke, kuma hannun da ke gaban kotu na Garba ne.

Ran Juma'a na buɗe gareji na yi ta kwance abubuwan da na san ba ruwansu. Na cire akwatin fiyus na mayar. Alhaji ya biyo bayan masallaci ya ce, "Sahabi, wai aikin ga ya fi ƙarfinka ne?" Na ce ana kan dubawa. Ya juya ya ce wa Garba, a gaban mutane, "Kai dai ka fito da abin mutane ka huta." Ina ji, na ci gaba da kwance noti kamar ban san gaskiya ba.

Ran Asabar da azahar na ji wata murya daban tana kiran salla a masallacin tasha. Shekara da shekaru Garba ke kiran salla a wurin duk ranar da ba ya kan hanya, ba wanda ya naɗa shi, muryarsa ce ta ba shi. Na tambayi mai shayi, ya ce dattawan tasha ne sunka ce ya ɗan huta har a gama shari'a, wai bai dace mai tuhumar sata ya riƙa tara mutane salla ba. Bayan an idar Garba ya zo ya zauna kan tayarsa. Ranar bai tambaye ni ko an gani ba. Kunya ta rufe ni har na kasa cin abincin da anka kawo min daga gida.

Lahadi da sassafe na hau babur na nufi bakin kogi. Tsoffin tankunan da muke saukewa na roba ne mai kauri, ba sa tsatsa, ba sa nutsewa, don haka masunta ke kwashe su. Na tuna na shuɗiyar motar wani Basarke ne, masunci mai suna Mamman, ya ɗauka. Na sha tambaya kafin na same shi, ya tashi daga inda na san shi ya koma wata tungar masunta a gaba. Na tarar da shi yana gyaran taru a inuwa.

Na ce, "Mamman, tankin nan da ka ɗauka a garejina shekarar ruwa, yana nan?"

Ya ce, "Wane daga ciki? Ukku gare ni."

Ɗaya matarsa na tara ruwa a ciki. Ɗaya an yanke shi biyu awaki na sha. Na ukun yana cikin kogi, an ɗaure shi da igiya ya zama alamar inda ya kafa tarunsa. Na duba na ruwan, ba komai. Na duba na awakin, saman ma babu shi, an jefar. Munka shiga kwalekwale, ni da ban iya iyo ba ina riƙe da gefe da hannu biyu, Mamman na dariya yana cewa bakanike ya zo kamun kifi. Ya jawo tankin ya juya shi. Ya toshe babban ramin famfo da katako da kwalta. Gefensa kuwa, cikin gansakuka, ga wani ɗan baƙin abu a zaune cikin zoben roba, da guntayen wayoyi uku a jikinsa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Toshiya ce mana. Na taɓa cire ta ruwa ya shiga, na maida."

Kwana biyar ina nemanta, ashe tana tsakiyar kogi tana gadin kifi. Na ce ya ara min tankin zuwa gobe. Ya ce in dai zan dawo da shi kafin tarunsa ya ɓace masa. Na ɗaure shi a bayan babur, yana ɗigar ruwa yana warin kifi har Bagudo.

Ran Litinin na shiga kotu da shi a ka. Mutane sunka toshe hanci. Na ajiye shi gaban alƙali, na ajiye wayoyin da na kwanto daga sasi, na haɗa bakinsu da guntayen da ke jikin sansar, launi ya hau launi, ja da baƙi da toka-toka.

Alƙali ya ce, "Wa ya yanke?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne. Shekara biyu ke nan, tun motar ba ta zama ta Alhaji ba, tun Garba bai taɓa ganinta ba."

Na faɗi komai, har dalilin sa babban tankin. Alƙali ya ce abin da ke gabansa ƙarar sata ce, kuma babu sata, Garba ya tafi ba shi da laifi. Ni kuma ya yi min faɗa mai zafi a kan yanke abin da ban san amfaninsa ba, da kuma irin aikin da na karɓa, ya ce in ya sake jin sunana a irin wannan ba da baki za mu rabu ba. Iyakarta ke nan. Abin da na kwana huɗu ina jin tsoro bai wuce faɗan minti biyar ba.

Alhaji Bawa ya rasa inda zai sa fuskarsa. A bakin ƙofa ya zaro makulli ya miƙa wa Garba, ya ce, "Ka yi haƙuri, sharrin na'ura ne." Garba ya ƙi karɓa, ya ce ya yafe, amma gara Alhaji ya nemi wani direban.

Ina ƙoƙarin ɗaure tankin a babur in mayar wa Mamman, igiya na zamewa, sai na ji an kama ɗaya bakin. Garba ne. Ya zagaya da ita ya ja da ƙarfi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Malam Sahabi, yaushe ka gane?"

Na ce, "Jiya."

Ya ƙulle igiyar, ya gwada ta da hannu ya ga ta kama. Ya ce, "Ran Alhamis ina kallon ƙafafunka. Ka shiga ƙarƙashin mota kana ta motsi, sai ka tsaya cik, har na zaci jak ne ya faɗo maka. Da ka fito ba ka iya duba na ba."

Na sunkuya ina gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Ya ce, "Na so in tambaye ka a gaban mutane. Sai na ce bari dai, shi ma yana da iyali."

Ya samu wata motar bayan wata biyu, yana jigilar albasa zuwa Kamba. Dattawan tasha sun aika masa har gida ya dawo ya ci gaba da kiran salla, ya ce a bar wanda anka sa. Muna gaisawa har gobe, ya zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar yayansa. Amma ko tayarsa ce ta yi faci a ƙofar garejin nan, sai ya tura motar zuwa gaba.